Earl Anthony: Direban motar ɗaga kaya da ya zama gagarabadau a wasan bolin

A watan Janairun 1970 wani magidanci ɗan shekara 31 daga birnin Tacoma na jihar Washington, a arewa maso yammacin Amurka, ya ajiye aikinsa na albashi ya shiga zagayen gasannin ƙwararrun 'yan wasan bolin. Yana da mata da 'ya'ya, kuma shekarunsa sun kai inda wasu 'yan wasa kan fara tunanin ritaya. Askinsa irin na soja ne, tabaraunsa mai kaurin baki, ba ya yawan magana, ta yadda wanda ya gan shi a bakin ƙofa zai ɗauka akawun gidan wasan ne ya zo duba littafi. Sunansa Earl Roderick Anthony. Daga wannan shekara har zuwa 1983 babu kakar wasan da ta wuce bai ɗauki kofi ba, kuma da Ƙungiyar Ƙwararrun 'Yan Bolin ta Amurka, wato PBA, ta cika shekara 50 da kafuwa a 2008, shi aka zaɓa a matsayin gwanin gwanayenta, shekara bakwai bayan mutuwarsa.

An haife shi ranar 27 ga Afrilu, 1938, a jihar Washington. Bolin bai shiga lissafinsa ba a ƙuruciya. Besbol ne ya ɗauke masa hankali, kuma da yake bahago ne mai ƙarfin jifa, ya yi fatan ya ci abinci da shi. Bayan ya yi aikin sojan sama, ƙungiyar Baltimore Orioles ta nuna sha'awarta a kansa, sai raunin idon sawu ya datse wannan hanya tun ba a je ko'ina ba. Ya koma Tacoma ya kama aiki a rumbun ajiyar kamfanin sarin kayan abinci na West Coast Grocery, yana tuƙa motar ɗaga kaya. A can ne abokan aiki suka ja shi cikin ƙungiyar bolin ta kamfanin, ya shiga ba da son ransa sosai ba, yana da shekara 21. A kakarsa ta farko matsakaicin makinsa ya tsaya a 165, wanda ba laifi ga sabon shiga amma ba abin a zo a gani ba ne. A kaka ta uku ya kai 217.

Sai an san yadda wasan yake kafin a gane nisan da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu. Ana mirgina ƙwallo mai nauyin da bai wuce kilo 7.26 ba a kan dogon layin katako mai tsawon kusan mita 18 da faɗin da ya ɗara mita ɗaya kaɗan, domin a kayar da sanduna goma masu siffar kwalba da aka jera kamar dala a ƙarshen layin. Wasa guda zagaye goma ne, kowane zagaye jifa biyu. Wanda ya share goman duka a jifar farko, ana ba shi maki goma a ƙara masa da abin da ya kayar a jifa biyu masu zuwa. Wanda ya buƙaci jifa biyu kafin ya ƙarasa su, jifa ɗaya tak ake ƙara masa. Saboda wannan tsari ne maki ke ninkuwa idan aka jera shara a kan shara, har mai jera goma sha biyu ya sami 300, wanda shi ne ƙololuwa. Mai matsakaicin 165 yana kayar da yawancin sandunansa yana barin wasu a tsaye. Mai 217 kuwa yana share fiye da rabin zagayensa a jifa ɗaya, kuma da wuya ya bar wanda ya rage.

Akwai kuma abin da ɗan kallo ba ya gani, wato man da ake shafa wa layin. Asali an fara shafa shi ne don kare katakon daga gogayyar ƙwallo, daga baya ya zama shi ne zuciyar wasan. Ana shafa shi a kusan kashi biyu cikin uku na farkon layin, inda ƙwallo ke sulɓewa, idan ta fita daga mai ta taka busasshen katako sai ta kama ƙasa ta lanƙwaso ta shiga tsakanin sanda ta gaba da wadda ke gefenta. Kowace ƙwallo da ta wuce tana kwashe ɗan mai daga wani wuri tana kai shi wani, don haka layin da mutum ya fahimta da safe ba shi zai tarar da yamma ba. Ƙwararre shi ne wanda ke karanta wannan sauyi daga yadda ƙwallonsa ta juya da kuma sandar da ta rage a tsaye, ya gyara tsayuwarsa ko saurin jifarsa kafin abokin karawa ya farga.

A lokacin zafi na 1963 Anthony ya gwada kansa a gasanni uku na PBA da aka yi a yankinsu. Bai sami ko sisi ba a cikinsu. Abin da ya yi bayan wannan shi ne ya bambanta shi da dubban matasan da suka yi irin wannan gwaji suka watse. Ya koma bakin aikinsa, ya ɗauki shekara shida yana atisaye, wasa 300 zuwa 350 a mako, wani lokaci har awa takwas a yini. Ko an ƙaddara jifa 15 kacal a kowane wasa, lissafin ya kai jifa 4,500 a mako da ƙwallo mai nauyin kilo bakwai. Kuɗin hayar layi na irin wannan adadi ya fi ƙarfin albashin direban rumbu, saboda haka sau da yawa yakan yi atisayen ba tare da an jera masa sanduna ba, yana jifa cikin fanko, don ya rage abin da zai biya. Talauci ne ya sa shi haka, amma ya zame masa makaranta. Wanda ba ya jin ƙarar sanduna suna zubewa ba shi da abin da zai ruɗe shi. Idonsa na kan allon katakon da ƙwallo ta bi, cikin alluna 39 da suka yi faɗin layin, ko ta bi inda aka nufa ko ba ta bi ba.

Ya kamata a tuna irin kasadar da ke cikin barin aiki a shiga zagayen PBA a wancan zamani. Ƙungiyar, wadda lauya Eddie Elias ya kafa a 1958 da mambobi 33, ba ta biyan kowa albashi. Ɗan wasa shi zai biya kuɗin shiga gasa, shi zai sayi mai ya tuƙa motarsa daga wannan jiha zuwa waccan, shi zai biya masauki da abinci, idan kuma bai shiga sahun masu samun lada ba ya tafi hannu rabbana ya nufi gari na gaba. Duk mai jiran ƙarshen wata ya san daɗin sanin cewa ko an yi jinkiri albashi zai shigo. A can babu wannan tabbaci. Gasar mako guda kuma ba ƙaramin aiki ba ce. Yawanci ana buga wasa 18 na tantancewa, mutum 24 su tsallake su sake buga wasa 24 suna karawa da juna, sannan biyar na sama su fito a talabijin ranar Asabar. Na biyar ya kara da na huɗu, wanda ya yi nasara ya hau kan na uku, haka har a kai ga na ɗaya, wanda ke zaune yana jira ya buga wasa guda tal. Mutum na iya jagorantar gasa kwana uku cur da ratar ɗaruruwan maki, minti ashirin su raba shi da kofi.

Hakan kuwa ta faru da Anthony a gasarsa ta farko, a Wichita ta jihar Kansas. Sabon shiga ne, amma shi ya zo na ɗaya bayan dukkan wasannin tantancewa, sai Skee Foremsky ya doke shi a wasan ƙarshe. Bai daɗe yana jira ba. Ranar 7 ga Yuni, 1970, a Seattle, kusa da gida, ya doke Allie Clarke ya ɗauki kofinsa na farko.

Shekarun da suka biyo baya sun dace da lokacin da bolin ke ganiyarsa a Amurka. Tun da injin jera sanduna ya maye gurbin yaran da ke yin aikin da hannu a shekarun 1950, gidajen wasan suka bazu a kowace unguwa, miliyoyin ma'aikatan masana'antu da ofisoshi suna da ƙungiyoyinsu na mako-mako. Tashar ABC tana nuna wasan ƙarshe na PBA kowace Asabar da rana a lokacin hunturu, da muryar Chris Schenkel. Masu kallon nan sun ga mutum irinsu, wanda ya fito daga ƙungiyar kamfani kamar tasu, yana cin kowa ba tare da ya ɗaga murya ba. A lokacin da matasa ke tara suma suna sa wando mai faɗin ƙafa, shi yana nan da askinsa na soja, har aka yi masa laƙabi da ke nufin wanda zamani ya bari a baya. Wasu kuma suka kira shi inji, domin jifarsa ta ɗari ba ta da bambanci da ta farko.

Sai dai kiran sa inji ya rage masa daraja. Inji abu ɗaya yake maimaitawa, shi kuwa gwanintarsa tana cikin sauye-sauyen da ido ba ya kamawa. Ba ya ɗaga hannu sama sosai, ba ya murɗa ƙwallo da ƙarfi, tafiyarsa zuwa bakin layi a natse take. Amma yana iya rage saurin ƙwallo ko ya ƙara, ya ɗan juya tafin hannu, ya matsa allo ɗaya hagu ko dama, duk ba tare da sauran jikinsa ya nuna an canza wani abu ba. Shekarun jifa cikin fanko ne suka ba shi wannan.

Daga 1973 zuwa 1975 ya lashe Gasar Ƙasa ta PBA sau uku a jere. A 1974 ya haɗa da Gasar Zakaru da kamfanin taya na Firestone ke ɗaukar nauyi a jihar Ohio, wadda sai wanda ya taɓa cin kofi ake bari ya shiga. A 1975 ya ɗauki kofi bakwai, ya kuma zama ɗan bolin na farko da ladansa na shekara guda ya haura dala 100,000. Shi ne gwarzon shekara na PBA a 1974, 1975 da 1976. A cikin wannan tsakani ya zarce Dick Weber, wanda ya daɗe yana riƙe da tarihin yawan kofuna, kuma da ya sake cin Gasar Zakaru a 1978 ya zama na farko da ya tara kofi 30.

Nasarar ba ta rasa masu gunaguni ba, kuma gunagunin yana da tushe. Bahagwai kaɗan ne a zagayen, saboda haka gefen hagu na layi ba ya shan zirga-zirgar ƙwallo kamar gefen dama. Man da ke wajen yakan daɗe bai lalace ba, bahago na iya tsayawa wuri guda yana jifa yayin da masu hannun dama ke ta lalube suna matsawa. Akwai makonnin da bahagwai suka cika sahun gaba har 'yan dama suka yi ta ƙorafin yadda ake shafa mai. Wannan gaskiya ce, kuma Anthony ya amfana da ita. Amma hujjar ta tsaya a rabin hanya. Akwai wasu bahagwai ƙwararru a zamaninsa, irin su Johnny Petraglia da Dave Davis da Mike McGrath, suna jifa a kan wannan man dai, babu wanda ya kai rabin yawan kofunansa. Akwai kuma makonnin da gefen hagu ke rufewa ruf, babu bahagon da ke tsallake tantancewa sai shi.

A watan Yunin 1978, wata biyu kacal bayan kofinsa na 30, ciwon zuciya ya kwantar da shi. Yana da shekara 40. A daidai lokacin ne kuma Mark Roth na birnin New York ya taso da wani salo da ya saɓa wa nasa ta kowace fuska: gudu zuwa bakin layi, murɗa ƙwallo da dukkan ƙarfin hannu, sanduna su tarwatse kamar an sa musu nakiya. Roth ya ci kofi takwas a 1978, tarihin da har yau ba a karya ba, ya riƙe kambun gwarzon shekara daga 1977 zuwa 1979. Duk mai kallo a lokacin zai iya cewa zamanin Anthony ya wuce, ga tsufa ga ciwo ga sabon salo. Ya warke ya dawo, bai bari shekara ta wuce shi babu kofi ba, sannan daga 1981 ya sake maimaita abin da ya yi shekara takwas da suka gabata: Gasar Ƙasa sau uku a jere, 1981, 1982 da 1983, tare da kambun gwarzon shekara a dukkan shekarun uku. Nasarar 1982, a birnin Toledo na jihar Ohio, ita ce ta sa jimillar ladansa ta haura dala miliyan ɗaya, abin da babu ɗan bolin da ya taɓa kaiwa ta hanyar gasa. Idan ana neman abin da ya fi girma a tarihinsa, wannan zagaye na biyu ne, wanda ya yi shi yana tsakanin shekara 42 da 45, da zuciyar da ta riga ta yi masa gargaɗi.

Abu ɗaya ya ƙi masa. Gasar US Open, wadda ake haɗa ta da Gasar Ƙasa da Gasar Zakaru a kira su manyan kambuna uku, ya kai wasanta na ƙarshe sau uku, a 1973 da 1979 da 1980, duka ukun ya zo na biyu. A ta farkon, ɗan'uwansa bahago Mike McGrath ne ya doke shi a zauren Madison Square Garden na New York. Petraglia, wanda bai kai shi yawan kofuna ba ko kusa, ya haɗa ukun. Shi bai haɗa ba.

Ya bar zagayen a 1983 yana kan ganiyarsa, yana riƙe da kambun gwarzon shekara. Bayan wata tara ba ya gasa, ya leƙo a 1984 ya ci gasar Masters, wadda ya taɓa ci a 1977. Daga nan ya koma sharhin wasa a tashoshin NBC da ESPN, yana wasan golf da ya ƙware a kai ƙwarai, yana kuma da hannu a wani gidan bolin mai ɗauke da sunansa a garin Dublin na jihar Kalifoniya. Da ya cika shekara 50 ya shiga zagayen dattawa ya ƙara kofi bakwai.

Zamaninsa zamani ne da bolin na ƙwararru ya kasance kusan na Amurkawa zalla. Gasar duniya da aka fara a Helsinki a 1954, da Kofin Duniya da aka fara a Dublin ta Ayalan a 1965, an tsara su ne don waɗanda ba sana'arsu ke nan ba, don haka mutumin da ya fi kowa iya wasan a duniya bai taɓa wakiltar ƙasarsa a cikinsu ba a shekarun ƙarfinsa. Ƙofar ta fara buɗewa ne bayan ya sauka. An nuna bolin a matsayin wasan gwaji a gasar Olamfik ta Seoul a 1988, sannan Amleto Monacelli na Benezuwela ya zama baƙo na farko da ya ci kambun gwarzon shekara na PBA, a 1989 da 1990. A gida kuwa wasan ya yi ta ja da baya. Ƙungiyoyin ma'aikata suka ragu, ABC ta daina nuna gasar a 1997 bayan shekara 35, PBA ta shiga matsin kuɗi har wasu tsoffin jami'an Microsoft su uku suka saye ta a 2000.

Anthony ya mutu ranar 14 ga Agusta, 2001, a garin New Berlin na jihar Wisconsin, bayan ya faɗo daga matakalar bene a gidan wani abokinsa ya bugu a kai. Yana da shekara 63.

Tarihin da ya bari na kofi 41 ya tsaya har watan Satumban 2006, lokacin da Walter Ray Williams Jr. ya ci na 42 a gasar Kofin Japan da aka yi a Tokyo, inda ya doke Pete Weber, ɗan Dick Weber. Williams ya ƙare da 47, amma ya ɗauki fiye da shekara 20 yana tara su, Anthony kuwa a shekara 14 ya tara nasa. A 2008 PBA ta amince a riƙa lissafa gasar Masters cikin kofunanta, sai adadinsa ya tashi zuwa 43, goma daga ciki na manyan gasanni. Wannan goman ma an wuce ta a 2019. Wanda ya wuce ta shi ne Jason Belmonte, ɗan garin Orange na Ostareliya, wanda ke jifa da hannu biyu, salon da babu shi a zagayen a zamanin Anthony. Ya yi hakan ne a Gasar Duniya ta PBA, wato tsohuwar Gasar Ƙasa da aka sauya wa suna, wadda kofinta ke ɗauke da sunan Earl Anthony.